Yadda ake shawo kan cutar yaushin shuka mai fitowa daga ƙasa

Tumatir ya yi kyau, ya yi fure, 'ya'yan farko sun fara ɗaurawa. Sai wata rana da tsakar rana ka ga gindi biyu ko uku sun sunkuyar da kai kamar an hana su ruwa. Da yamma su miƙe. Ka ce ƙishirwa ce, ka ƙara musu ruwa. Bayan kwana uku ganyen ƙasa ya koma ruwan ɗorawa, kuma ta gefe ɗaya kawai, ɗaya gefen yana nan kore shar. Kafin mako biyu gindin ya bushe a tsaye, na kusa da shi ya ɗauka.

Shekara biyu na yi ina goya tankin feshi a kan wannan abu, wannan magani yau, wancan gobe, ba wanda ya tayar da ko gindi ɗaya. Ashe cutar ba a ganye take ba. Wata irin funfuna ce da ke zaune cikin ƙasa, ta shiga ta saiwa, ta bi jijiyoyin da ke kai ruwa sama ta toshe su. Shukar ma da kanta takan liƙe waɗannan jijiyoyi don tare cutar, sai toshewar ta ƙaru. Ƙasa jiƙe, shuka na mutuwa da ƙishi. Gindin da ta riga ta shiga ba ya warkewa, saboda haka duk aikin da za ka karanta a nan iri biyu ne: hana ta yaɗuwa bana, da rage mata ƙarfi kafin shukar baɗi.

Manyan masu wannan ɓarna biyu ne. Fusariyam na son ƙasa mai ɗumi, wajen digiri 28, mai rairayi da tsami, kuma kowane jinsinta da amfanin da take kamawa: ta tumatir daban, ta kankana daban, ta ayaba daban. Batisiliyam kuwa ta fi son ɗan sanyi, digiri 20 zuwa 25, kuma ba ta zaɓe, tana kama tsirrai sama da iri 200, har da tumatir, gauta, barkono, dankalin Turawa, auduga da kuɓewa. Dukkansu suna barin 'yan ƙwayoyi masu taurin ɓawo a ƙasa da ke kwanciya shekaru suna jira. Na Batisiliyam sukan wuce shekara 10, na Fusariyam ɗin ayaba sukan kai shekaru gommai.

Kayan aiki

- Wuƙa mai kaifi ko reza, da kofin gilashi mai haske, da ruwa mai tsabta.
- Fartanya ko shebur guda da za ka keɓe wa wurin da ya kamu.
- Buhuna ko manyan ledoji na kwashe gindin da ya kamu.
- Turaku da igiya don yi wa wurin alama.
- Bokiti, burushi mai ƙarfi, da ruwan bilic na wanki. Idan babu bilic, sifirit na asibiti ya isa goge wuƙa.
- Farar leda mai haske wadda ake hango abu ta cikinta, mai kaurin maikiron 25 zuwa 50 (awon kauri ne, maikiron 1000 ke yin milimita ɗaya).
- Ma'aunin zafi da ke kai digiri 100.
- Takarda ko na'urar gwajin tsamin ƙasa.
- Garin farar ƙasa na noma, ko tokar ice.
- Takin gargajiya da ya ruɓe sarai.
- Ingantaccen iri mai jure cutar.
- Littafin rubutu da biro.

Ba lallai ka haɗa duka a rana ɗaya ba. Na farko zuwa na biyar ne kake bukata yau, sauran na shirin shuka mai zuwa ne.

Mataki na 1: Tabbatar da abin da ke kashe shukar

Nan ne yawancin mutane ke ɓata, domin yaushi kala-kala ne. Zaɓi gindin da ya fara yaushi amma bai mutu ba. Wanda ya bushe ƙayau ba zai gaya maka komai ba, don wasu funfunan da ba ruwansu sun riga sun hau shi. Haƙo shi da saiwarsa, kada ka fizge.

Fara duba saiwa. Idan ka ga gara ko tsutsa ta ci gindin, to magana ta ƙare. Idan saiwar ta yi ƙulle-ƙulle kamar an ɗaura mata ƙulli, tsutsar saiwa ce, wadda ido ba ya gani, za mu dawo kanta. A wake da gyaɗa ka lura, suna da nasu 'yan ƙulleƙullen na alheri masu tara taki. Waɗancan a gefen saiwa suke manne, da ka murza sun faɗo, cikinsu jaja-jaja ne. Na tsutsa kuwa jikin saiwar ne da kansa ya kumbura, ba ya ɓallewa. Idan saiwar ta yi baƙi, ta yi laushi tana wari, ruwa ne ya kwanta mata.

Sai ka dubi kara daidai inda ya haɗu da ƙasa. Farar saƙa kamar auduga, da 'yan ƙwayoyi ƙanana zagayayyu masu ruwan ƙasa manne a jiki, wannan wata funfuna ce daban mai ruɓar da gindi daga waje.

Yanzu tsaga karan a tsaye daga gindi zuwa sama, kamar kana fere rake. Lafiyayyen kara fari ne ko kore-kore a ciki. Mai Fusariyam za ka ga zane ruwan ƙasa mai duhu yana bin ƙarƙashin ɓawo ta gefe, ya yi sama sosai, wani lokaci har cikin reshe, amma tsakiyar karan lafiya ƙalau. Mai Batisiliyam zanen bai kai haka duhu ba, ya fi tsayawa kusa da gindi, kuma ganyen ƙasa kan yi rawaya mai siffar bakin mashi daga gefen ganye zuwa ciki.

Saura gwajin kofi, kuma kada ka tsallake shi. Yanko guntun kara daga gindi kamar tsawon yatsa, ka wanke ƙasar, ka rataya shi yadda bakin yankan zai nutse cikin ruwan kofin bai taɓa ƙasan kofin ba. Ajiye inda haske ke bi ta ciki, kada ka motsa. Jira minti 3 zuwa 5. Idan ka ga farin zare kamar hayaƙi yana saukowa daga bakin yankan, ba funfuna ba ce, ƙwayar bakteriya ce. Ita tana kashe shuka da sauri, ganye na kore. Idan ruwan ya zauna garau, ga kuma zane a kara, to cutar da muke magana ce. Tsabta da sauya shuka suna amfani a kan duka biyun, amma irin da ke jure ɗaya ba lallai ya jure ɗayar ba.

Ido ba ya raba Fusariyam da Batisiliyam ɗari bisa ɗari. Idan gonar babba ce, ka ba malamin gona samfuri ya kai ɗakin bincike: gindi biyu ko uku masu sauran rai, a ɗaure saiwa da ƙasarta cikin leda, a naɗe sama da takarda, ba a yayyafa ruwa, a kai a ranar.

Mataki na 2: Killace wurin da cire abin da ya kamu

Kafa turaku ka zagaye wurin da igiya, ka haɗa da gindi ɗaya ko biyu na kowane gefe ko da suna da kyan gani. Haƙo wanda ya kamu da dunƙulen ƙasar saiwarsa, ka jefa a buhu nan take a wurin. Kada ka kaɗe ƙasar, kada ka ja shi a ƙasa ka ratsa gona da shi. Fitar da buhun ka ƙone abin da ke ciki, ko ka binne a rami mai zurfi inda ba a noma kuma ruwa ba ya gangarowa gona daga can.

Kuskuren da na yi wanda har yau nake jin haushinsa: na tara matattun a kan tsibin taki, wai kada a yi asara. Shekara ta zagayo na kwashe takin nan na watsa a ɗaya gonar da ba ta taɓa kamuwa ba. Da hannuna na kai mata. Kada ka sa a taki, kada ka ba dabbobin da za ka mayar da kashinsu gona.

Ramin da ka cire gindin, bar shi. Duk abin da ka dasa na jinsinsa a ciki zai bi sahu.

Mataki na 3: Tare hanyoyin da take bi

Cutar ba ta da ƙafa, mu ne ƙafarta. Ƙasar da ke manne a fartanya, takalmi, tayar tarakta, kofaton dabba, ruwan da ya bi ta wurin, da irin dashe, su ke kai ta.

Kullum ka fara aiki daga lafiyayyen ɓangare, ka ƙare a mai cutar. Bayan ka gama, kankare ƙasar kayan aiki da burushi tukuna, domin bilic ba ya aiki a kan laka. Haɗa bilic kashi 1 da ruwa kashi 9, ka tsoma na minti 10, ka ɗauraye da ruwa, ka shanya, ka ɗan shafa mai saboda bilic na sa ƙarfe tsatsa. Haɗin na rana ɗaya ne, gobe ka sake sabo. Idan babu bilic, wanke tas da sabulu ka gasa bakin ƙarfen a wuta. Takalmi ma a wanke. Tarakta ko garmar haya, ka duba ta kafin ta shiga, ba ka san daga gonar wa ta fito ba.

Idan ban-ruwa kake ta lambatu, toshe bakin wurin da ya kamu yadda ruwansa ba zai wuce gaba ba. Ba shi ruwa a ƙarshe, kuma kada rararsa ta koma rijiya ko tafkin da kake ɗiba.

Sauran shukar da ba ta kamu ba, ka lallaɓa ta. Noma kusa da gindi ya zama sama-sama, ko ka cire ciyawar da hannu, domin kowace saiwa da ka yanke ƙofa ce ka buɗe. Ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai ya fi ka bari ta bushe sannan ka malale ta. Rufe gindi da busasshiyar ciyawa na rage zafin ƙasa, wannan kuwa yana rage wa Fusariyam gudu.

Mataki na 4: Tsabtace wurin renon iri

Sau da yawa gona lafiyarta ƙalau, daga bedi, wato wurin renon iri, aka kawo mata ciwon. Ɗan dashe kan ɗauki cutar ba alama, sai ya fara ɗaukar 'ya'ya ta bayyana.

Kada ka yi bedi inda aka noma wannan amfanin a shekarun baya, ko inda ruwan gona ke gangarowa. Ƙasar reno kuma ka turara ta. Sami gangar ƙarfe, jera duwatsu ko bulo a ciki, zuba ruwa ƙasa da tsayinsu, ɗora raga ko katako a kai, sa ƙasar mai danshi cikin buhunan algarara a sama, rufe, hura wuta. Tsoma ma'auni a tsakiyar buhu. Da ya kai digiri 70, ƙirga minti 30, ka janye wuta. Kada ka bari ya zarce 82 da nisa, ƙasar da ta ƙone tana fitar da sinadaran da ke ƙona ɗan tsiro. Idan babu ma'auni, binne danƙwalelen dankali a tsakiya, in ya nuna ƙasar ta yi. Bari ta huce, ka ajiye ta a kan leda mai tsabta. Ƙasar da aka turara kamar gida ne ba kowa, duk wanda ya fara shiga shi ne mai gida, don haka fartanya ɗaya mai datti ta isa ta mayar da aikin baya.

Irin da ka ajiye da kanka, kada ya fito daga gindin da ya yi yaushi, ko da 'ya'yansa sun yi kyau. Irin tumatir da na gauta ana iya yi musu wankan ruwan zafi: ƙulla a tsumma sakwa-sakwa, ɗumama a ruwa mai digiri 37 na minti 10, sannan a ruwa mai digiri 50 na minti 25 cif kana juyawa, sai ruwan sanyi na minti 5, ka shanya a inuwa. Wannan kam ba a yin sa da kintace. Digiri biyu ko uku sama ka dafa iri, ƙasa kuma ka yi aikin banza. In ba ka da ma'auni, bar shi. Ba a yi wa irin kamfani da aka riga aka shafa wa magani, ba a yi wa wake da kankana.

Mataki na 5: Zaɓen iri mai jurewa

Da za a ce in zaɓi abu ɗaya cikin duk waɗannan, wannan zan ɗauka. A jikin fakitin irin tumatir za ka ga haruffa: V na Batisiliyam, F na Fusariyam, N na tsutsar saiwa. Fusariyam ɗin tumatir kala uku ce, ana ce wa kowace layi, shi ya sa za ka ga F, FF ko FFF, wasu kamfanonin kuma su rubuta gajeren sunanta, Fol, da lambobi. Idan ka shuka mai F guda kuma ya kamu, ba lallai irin jabu ba ne, wataƙila layi na biyu ko na uku ke gonarka. Nemi mai harafi fiye. Ka kuma sani 'ya'yan irin haɗi, wato na kamfani da aka haɗa daga iyaye biyu, ba sa gadar wannan juriya daidai, in ka cire iri daga cikinsu wasu za su jure wasu su kamu.

Idan irin da kasuwarka ke so ba shi da juriya, akwai aure, kamar yadda ake yi wa itatuwa. Manoman Japan sun fara aura kankana a kan gindin duma tun wajen ƙarshen shekarun 1920 saboda wannan cuta. A tumatir, ana renon gindi mai jurewa da kan da ake so tare, idan kaurinsu ya zo ɗaya a yanka kowanne a karkace da reza mai tsabta, a haɗa, a maƙale da 'yar roba, a ajiye a inuwa mai laima kwana 5 zuwa 7, sannan a riƙa fito da su haske a hankali. Wajen dashe, gaɓar auren ta tsaya sama da ƙasa. In ka binne ta, kan zai fitar da tasa saiwar, cutar ta shiga ta nan.

Masu ayaba, naku ya fi tsanani. Fusariyam ce ta rusa noman ayabar Gros Michel a Amurka ta Tsakiya a shekarun 1950, aka koma wa Cavendish. Yanzu akwai layin da ake kira TR4 da ke kashe Cavendish ɗin ma, an tabbatar da shi a Mozambik a 2013, a Kolombiya a 2019. Kada ka ɗauki 'ya'yan dashe daga gonar da ba ka san lafiyarta ba. In ka ga tsofaffin ganye na rawaya daga baki suna karyewa suna rataye jikin kara, killace wurin, kada ka yi ta haƙe-haƙe, ka sanar da hukumar gona.

Mataki na 6: Gasa ƙasa da rana

Wani masanin Isra'ila, Yaakov Katan, da abokan aikinsa ne suka bayyana wannan dabara a 1976, kuma ta dace da lambu da bedi da ƙananan filaye. Ana yin ta a watannin da rana ta fi zafi, sama ba hadari.

Kwashe ciyawa da karare. Nome wurin, ka farfasa hoge, ka daidaita ya yi sumul, domin iskar da ta maƙale tsakanin leda da ƙasa tana hana zafi sauka. Idan kunya za ka yi, yi ta yanzu, takin gargajiya ma zuba shi yanzu. Ba da ruwa ya ratsa ƙasar sosai. Danshin nan shi ne sirrin: yana kai zafi ƙasa, kuma ƙwayar da ta jiƙa ta fi busasshiya saurin mutuwa. Shimfiɗa ledar ta kwanta ɗam, ka binne bakinta ko'ina cikin 'yar rami. Bar ta mako 4 zuwa 6. Inda ta yage, liƙe a ranar. A rana mai kyau saman ƙasa kan kai digiri 45 zuwa 55, amma zafin na raguwa da zurfi.

Baƙar leda na taɓa sawa don ita nake da ita. Ledar ta yi zafin da ba ka iya taɓawa, ƙasan kuwa ɗumi kawai. Farar mai haske ita ke barin rana ta shiga ta kuma riƙe zafin.

Babban kuskure yana zuwa bayan an yaye ledar: mutum ya sa garma ya juya ƙasar. Ya binne wadda ta gasu, ya tono ɗanya. Dasa kai tsaye, kada ka tona fiye da tsawon yatsa sai ramin dashen.

Idan ranarku ba ta da ƙarfi sosai, ƙara da dusa. Gauraya dusar shinkafa ko ta alkama kilo 1 zuwa 2 a kowace murabba'in mita, jiƙa sharkaf, rufe da leda mako 3 zuwa 4. Ƙananan halittun ƙasa za su cinye dusar, su ƙarar da iskar da ke ciki, su fitar da tsamin da ke kashe funfunar. Warin tsami idan ka ɗaga leda alama ce ta aiki ya yi. Bari ta sha iska mako 1 zuwa 2 kafin dashe. Amma a lokacin sanyi kada ka gwada, in ƙasar ba ta yi zafi ba dusar abinci za ta zame wa Fusariyam.

Mataki na 7: Gyaran tsamin ƙasa da taki

Gwada ƙasar. Idan Fusariyam ce ke damunka kuma awo ya nuna ƙasa da 6, wato tsami ya yi yawa, ɗaga shi zuwa 6.5 ko 7 da garin farar ƙasa, wata 2 zuwa 3 kafin shuka, a cuɗa da ƙasa. Yawan da za ka zuba ya danganta da gwajin, jigawa ba ta cin abin da laka ke ci. In babu, tokar ice gram 50 zuwa 70 a murabba'in mita, ka sake gwaji kafin ka ƙara. Kada ka haɗa toka ko farar ƙasa da yuriya a lokaci ɗaya, takin zai tashi a iska.

Ga inda mataki na 1 ke da rana: farar ƙasa ba ta rage Batisiliyam, tana ma iya ƙara mata ƙarfi, kuma tana jawo wa dankalin Turawa ƙurajen ɓawo. Kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago.

Yawan yuriya da takin amoniya na ƙara tsami, yana kuma sa shuka ta yi jiki ruwa-ruwa. A gonar da ke da Fusariyam, takin naitiret irin mai kalsiyam ya fi. Raba shi kashi-kashi, kuma kada fotash ya yi ƙaranci. Takin gargajiya da ya ruɓe yana cika ƙasa da halittun da ke gogayya da cutar a kan abinci da wuri. Ɗanye kuwa ƙona saiwa yake yi.

Mataki na 8: Sauya shuka

Fusariyam ta tumatir ba ta kashe masara, don haka ka ba wurin hutun shekara 4 zuwa 6 daga tumatir, ka noma masara, dawa, gero, alkama ko albasa. Ba zan yaudare ka ba, sauyi ba ya ƙarar da ita, tana iya maƙalewa a saiwar wasu tsirrai ba ta cutar da su ba. Rage yawanta yake yi har iri mai jurewa ya iya da ragowar.

Da Batisiliyam, cire tumatir ka sa gauta, barkono, kuɓewa ko auduga ba sauyi ba ne, ciyar da ita ka ci gaba da yi. Hatsi da ciyawa su ne mafita, shinkafar da ake kwantar wa ruwa ma na rage ta. Tumatir ɗin da ya tsiro da kansa cikin masara da ciyayin danginsa, a cire su, in ba haka ba hutun na suna ne kawai.

Inda ake samun irin mastad, wani tsiro mai yaji dangin kabeji, ana shuka shi da kauri, idan ya fara fure a sare, a daddatsa ƙanana, a binne nan take, a ba da ruwa. Yajin da ke fita daga ganyen na kashe wani kaso na ƙwayoyin. A jira mako 2 kafin shuka.

Tsutsar saiwa da muka bari a baya, ita ce mai buɗe wa cutar ƙofa. Tana huda saiwa, har iri mai jure Fusariyam sai ka ga ya faɗi, musamman auduga da tumatir. In ka ga ƙulle-ƙulle, nemi iri mai N, ka gasa ƙasar, ka sa hatsi cikin sauyin.

Mataki na 9: Ranar dashe

Yi kunya mai tudu don ruwa ya riƙa tsiyayewa. Zaɓi 'yan dashe masu farar saiwa, duk wanda ka yi shakka a kansa jefar. Wanda aka rena a tire ko 'yar leda ya fi wanda aka tuge daga bedi, saiwarsa ba ta tsinke ba. Dasa da yamma.

Akwai funfuna ta alheri da ake sayarwa gari-gari, a fakitin za ka ga an rubuta Trichoderma. Tana rufe saiwa ta riga mai cutar kama wuri. Sa ta tun a bedi, ko ka tsoma saiwa a ruwanta ranar dashe, ko ka cuɗa da ruɓaɓɓen taki mai danshi ka ajiye a inuwa kamar mako guda kafin ka zuba a rami. Bi awon da ke jikin fakitin. Abu ne mai rai: duba ranar lalacewarsa, kada ka sayi wanda ya sha rana a kan teburi, kada ka haɗa shi da maganin kashe funfuna. Ta fi yin tasiri a ƙasar da aka gasa ko aka turara. A gonar da cuta ta yi katutu, ita kaɗai ba za ta fitar da kai ba.

Maganin feshi na ganye, irin mankozeb da mai jan ƙarfe, na tabon ganye ne, ba ya isa cikin jijiya. Wanda ake shafa wa iri yana kare ɗan tsiro makonnin farko ne kawai. Hayaƙin metil buromaid da manyan gonaki suka dogara da shi a da, an daina amfani da shi a ƙarƙashin yarjejeniyar ƙasashen duniya ta Montiriyal saboda illarsa ga sararin samaniya, ƙasashe masu arziki a 2005, masu tasowa a 2015. Sauran magungunan turara ƙasa guba ne mai tsanani, aikin ƙwararru ne masu kayan kariya.

Mataki na 10: Rubuta abin da ka gani

Zana gonar a littafi, ka sa alama a duk inda gindi ya faɗi, da ranar, da sunan irin, da haruffan fakitinsa. Liƙa fakitin ma a shafin. Bayan girbi kada ka bar karare a tsaye, kada ka nome su ciki, domin a jikin mataccen kara ne cutar ke haifar ƙwayoyin da za su jira ka. Tuge su da saiwa ka ƙone, kuma kafin ka jefa a wuta tsaga guda 10 daga sassa daban-daban na gonar, har da waɗanda suka yi kyan gani har ƙarshe. Inda ka sami zane a kara, ƙara shi cikin taswirar. Nan za ka shimfiɗa leda idan zafi ya shigo, nan kuma masara za ta hau baɗi.